Awon Nisa a Hanyar Cadawa

"Wannan motarka ce?" in ji jandarma, yana juyo masa fuskar na'ura.

Direban ya gyaɗa kai. Kyamarar ƙofar lakol, makarantar boko, ta ɗauki komai: ga motarsa maƙare da 'yan kasuwar Cadawa, ga wata yarinya tana faɗuwa daidai gaban tayarsa. Tun jiya take asibiti ba ta farfaɗo ba, danginta kuwa suna tsaye a ƙofar ofishin jandarma.

"Wallahi, ranka ya daɗe, ban taɓa ta ba."

Wata ma'aikaciya ta jawo kujera, ta nuna masa zanen baƙi da fari da aka yi a kan kwalta. "Baba, kyamara ido ɗaya gare ta, na nesa da na kusa manne su take yi. Amma mun san faɗin kowane zane, da shi muke awon nisa."

Ta ja layuka, lambobi suka fito.

"Mita biyu tsakaninka da ita. Ba kai ba ne."

Ya saki numfashi, ya fara hamdala.

"Wancan ne." Ta ƙara girman hoton. Wani babur ne ya kurɗo ta gefen motar, kansa a karkace wajen yarinyar. Fuskar mai shi ba ta fito ba.

"Ka san shi?" in ji jandarma.

Direban ya ƙura wa kujerar babur ɗin ido, an ɗaure ta da shuɗiyar roba. Da hannunsa ya ɗaure ta ran Juma'a, ɗansa, mai babur ɗin, yana riƙe masa.