Agogon Tsinke

Latti ya karyo kwanar makaranta a guje, jaka na dukan bayansa, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Yana jefa ƙafa cikin ƙofa ƙararrawa ta tashi. Mai gadi ya ja ƙyaure, ya bar mutum uku a waje suna magiya.

Ba a banza aka laƙa masa wannan suna ba. Kafin ya fito sai ya cika wa Inna randuna, ya wanke ƙannensa biyu, ya raka su makarantarsu can bayan tasha, sannan ya juyo. Da aka shiga zangon ƙarshe, Malam Ba-Wasa mai kula da ladabtarwa ya kira shi ofis, ya faɗa masa magana ɗaya: ranar da ƙararrawa ta sake bugawa yana waje, ya zarce gida, ba shi ba jarrabawar fita.

Ƙararrawar kuwa tsohon ƙarfen tayar mota ne, rataye a jikin mangwaron da ke bakin ƙofa. Mai buga ta Tsinke ne, ɗan ajinsu, siriri mai dogon wuya. An ba shi aikin ne don shi kaɗai ke da agogo a duk ɗaliban, wani ƙaton abu da ke zamewa har gwiwar hannu in ya ɗaga sanda. Shi da Latti ba sa ga maciji tun aji ɗaya, ranar da Latti ya zauna masa a kan rula ta karye, ya kuma ce rular ce ta shigo ƙarƙashinsa.

Kullum da safe Tsinke zai ɗare kan saiwar mangwaron, ya miƙa wuya yana leƙen hanya ta saman katanga. Latti ya san shi ake farauta. Da ya hango kan nan daga nesa sai ya ƙara wuta.

“Kai jaki, yau ma ka zo kana haki kamar tsohon babur?” in ji Tsinke.

“Kai dai riƙe ƙarfenka da kyau, kar iska ta tafi da kai.”

Haka suke gaisawa. Mako ya bi mako, ƙararrawa ba ta kama Latti ba ko sau ɗaya. Wani lokaci da kyar yake shigewa, har ƙyauren na shafar jakarsa. Ya fara tafiya da fankama, yana shafa sharaɓarsa a gaban 'yan aji, yana cewa wannan ƙafa gado ce. Ranar tseren makaranta ya zo na biyun ƙarshe. Ya ce ai ƙafar ba ta tashi sai ta ji ƙamshin haɗari.

Shi kuwa Tsinke tasa ta same shi. Malamai suka fara ƙorafin ana cinye musu darasin farko. Ba-Wasa ya kama hannunsa ya kai shi gaban agogon ofis, aka ga nasa yana baya.

“Malam, tsoho ne, gajiya yake yi,” in ji Tsinke.

Ya sha bulala. Aka saita, kashegari ya sake gajiya. Ya sake sha. Da akwai wani mai agogo da tuni an karɓe aikin, to babu.

Latti ya samu abin yi. Ya ƙaga waƙa, wai agogon Tsinke barci yake sai an yayyafa masa ruwa, 'yan aji na amshi suna kiɗa da tebur, har malamar lissafi ta juya ga allo kafaɗunta na rawa. Tsinke dai ya zauna a gefen benci, don tsakiya ba ta zaunuwa, yana hararar duniya. Ranar rabon kyaututtuka duk mai riƙe da wani aiki ya samu abin hannu, shi kuwa aka kira shi gaban iyaye aka ba da misali da shi a kan sakaci. Latti ya fi kowa tafi.

Ya zauna jarrabawa, ya ci. Aka watse kamar an watsa tsaba, kowa ya bi inda abincinsa yake. Latti ya zama malamin asibiti, ƙannensa suka girma, Inna ta samu famfo a tsakar gida. Duk wanda ya zauna da shi ya ji labarin ƙafar nan.

Wata rana agogonsa ya tsaya, ya shiga wani ɗan shago a gefen kasuwa. Wani dattijo ne zaune bayan akwatin gilashi, da ɗan madubi maƙale a ido ɗaya. A bango akwai hoton yaro cikin kayan makaranta, ya riƙe sandan ƙarfe kamar zai tafi yaƙi.

“Kai! Baba, wannan ai Tsinke ne!”

Ya kwashe labari kaf ya ba shi, har waƙar ya rera. Dattijon ya yi ta dariya sai da ya cire madubin ya goge ido.

“Ɗana ne,” ya ce. “Bara Allah ya karɓi abinsa.”

Latti ya yi ta'aziyya, ya rasa inda zai ajiye idonsa. Don ya sauya zancen ya ce, “Amma Baba, kana mai gyara, ka bar ɗanka da agogo mai barci?”

Dattijon ya mayar da madubinsa, ya sunkuya a kan aiki.

“Agogon nan bai taɓa barci ba, yaro. Ni nake saita shi kowace safiya, shi kuma ya mayar da shi baya. Da na tsare shi da tambaya, sai ya ce akwai wani jaki da ke zuwa daga nesa.”