Nonon da Ya Ɓata Hanya

To, tun da aka fara yi wa masu jego allurar nan mai nuna wa furotin, sinadarin gina jiki, hanya a cikin ƙwayoyin jiki, Iya Tabawa ba ta taɓa ganin irin wannan ba. Matar ɗanta, Hansatu, kwananta huɗu da haihuwa, ƙirji a bushe, amma in ta yi kuka sai farin nono ya zubo ta idanunta.

"Iya, kowane furotin da adireshinsa, kamar saƙo a tashar mota," in ji malamar asibiti. "Nata an rubuta ba daidai ba. Gyara sai mako uku."

"Yaron fa? Ya ƙi madarar gwangwani."

"Ku tara hawayen a kofi."

Iya ta dawo gida, abin ya ɗaure mata kai. Ta yanka albasa har biyar a gaban Hansatu, ruwa zalla ya fito daga idanunta. Ashe sai kukan gaske.

Jariri na ta tsala ihu. Iya ta dubi Hansatu, yarinyar da ba ta taɓa son ganin hawayenta ba, ta miƙa mata kofi.

"Riƙe, 'yar nan. Akwai maganar da mahaifiyarki ta bar miki ranar da za ta rasu, na ɓoye."