Abin da Ya Ƙona Wutar Motar Alhaji Sambo

Da igiya aka jawo motar har ƙofar garajin Manzo a Filinge. Kafin ya ajiye sifanar da ke hannunsa, Alhaji Sambo ya ci kwalar rigarsa.

"Ka kashe min ɗiya, ɓarawon banza!"

A bayan Alhajin akwai direbansa Buba, idonsa a ƙasa, da wani jandarma mai suna Tahiru, rataye da bindiga.

Daga bakin jandarman Manzo ya ji labarin. Kububuwa ce ta sari Habsa, 'yar Alhaji, a gonar gero can Sanam. Aka sako ta a mota za a kai ta asibiti. Ba a yi nisa ba jar fitilar batir ta kama, amma wa zai tsaya duba fitila alhali jini na zuba daga bakin yarinya? A tsakiyar daji injin ya mutu. Waya ba ta shiga, babura kuwa an daɗe da hana hawansu a yankin. Kafin wata mota ta biyo, rai ya yi halinsa.

Manzo ne kuma, a makon jiya, ya sa wa motar sabuwar altanata, wato na'urar da ke cika batir muddin inji yana aiki.

"Jabu ya sa min," in ji Alhaji. "Na tuƙa motar shanu tun ba a haihe ka ba, yaro, ba ka yi min wayon ƙarhe!"

Jandarman ya gyara bindigarsa. "Tun da anka ruhe iyaka mun san abin da kuke sa ma mutane. Ka nuna min ba laihinka ba ne, ko mu tahi. Ka san zamanin soja, wanda ya shiga ba a tambayar ranar hitarshi."

'Ya'yan Manzo ƙanana ne, kuma ba shi da wani babba a Yamai da zai tsaya masa.

Ya ɗaura wani batir, ya tayar da injin, ya sa ma'aunin wuta. Wuta ba ta hau ba. Ya taɓa bel ɗin da ke juya na'urar, a ɗaure yake tamau. Ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, babu wadda ta tsinke ko ta ci tsatsa. Mutanen kasuwa sun fara taruwa, ana nuna shi da baki. Sai ya kwance na'urar ya buɗe ta a kan tabarma, ƙauri ya bugi hancinsa. Ɗan abin da ke daidaita ƙarfin wuta ya narke ƙurmus.

Jabu ba haka yake mutuwa ba, a hankali yake sanyi har ya gaza. Wannan ƙuna ta farat ɗaya ce, kuma ya san mafarinta. Tsohon gwaji ne na direbobin nan ƙasar Kurfai: a cire kan batir inji yana aiki, idan bai mutu ba a ce wuta lafiya. Motocin da suna jure wannan. Na yanzu kuwa, wutar da ta rasa inda za ta zuba komawa take ta cinye gidanta. Duk wanda ya yi wa motar nan haka, shi ya tsayar da ita a daji.

Ya ɗaga kai ya dubi Buba. Gumi ya jiƙa wa direban wuya, kuma har yanzu ya ƙi haɗa ido da kowa. Manzo ya ga ƙofar fitarsa, ya ƙudura cewa ba zai kwana a kulle saboda wautar wani ba.

"Ranka shi daɗe," ya ce wa jandarman, "a tambayi direba. A tambaye shi mi ya yi ma motar nan kahin su baro Sanam."



"Ƙyale yaron nan, munahiki!" Alhaji ya daka tsawa, hawaye na bin gemunsa. "Ranar da ran ɗiyata ke cikin mota zan bar ma wani ya duba min ita? Lahiyarta lau motar ta bar gidana. Ni da hannuna na cire kan batir inji na aiki, bai mutu ba, sannan na ce a sako Habsa."