Wa Ya Kwance Tirelar Haladu?

Ƙwarangwal kawai Haladu ya tarar. Babu ƙofa, babu tagogi, babu fitilun baya, har ɗan murhun ƙarfen da ke ciki an kwance an yi gaba da shi. Ya zaga ta sau biyu, ya shuri tayar da ƙafa, sannan ya juya wajen ruga ya ƙwala kira: "Hamma!"

Tirelar kwana ce, irin ɗakin nan mai taya da ake ja da mota. Wani kamfanin hanya ne ya watsar da irinsu a ƙasar Kazaure tun mahaifin Haladu yana saurayi, duk ƙira ɗaya, fenti ɗaya. Haladu mai walda ne, amma shekara shida ke nan da ya koma sayen su yana gyarawa, mutanen Kano da Abuja suna rububi. Yawanci sai sun zama akurkin kaji yake samun su. Wannan kuwa, da ya gano a wani fako bayan Gwiwa, ko noti ɗaya ba ta rasa ba. Ya rantse ba ta sayarwa ba ce, tasa ce ta kansa.

Farkon damina ya saye ta a hannun magadan mai filin. Kafin ya samo motar ja, rafi ya kawo, hanya ta yanke, dole ya bar ta sai kaka. Ya damƙa amanarta ga Hamma, wani dattijon makiyayi da rugarsa ke kusa, ya ce kada kowa ya taɓa ta sai shi Haladu ko wanda ya aiko. Ya koma Kazaure ya yi gum. Ko matarsa bai gaya wa ba, don yana tsoron bakin mutane fiye da yadda yake tsoron ɓarayi.

Wata huɗu ya yi yana fama da wata akwalar tirela ta Madam Dorkas mai abinci, wadda ke son ta mayar da ita shago. Ba don Musaddiƙ ɗan gwangwan, mai cinikin tsofaffin ƙarafa ba, da aikin bai yiwu ba. Haladu ya nuna masa akwalar, ya ce ya shiga duk lungun da zai shiga ya nemo masa kayanta. Musaddiƙ kuwa akwai zafin nema. Ɗan gwangwan ba ya faɗar inda yake samo kaya, don kada a riga shi, mai saye kuma ba ya tambaya. Haka aka yi ta yi har aikin ya fito tsaf, Dorkas ta ja abarta tana ta godiya.

Shi ya yi wa wata aiki ya faranta mata, ya zo ɗaukar tasa ya tarar an yi masa ƙat. Wannan shi ne abin da ya fi ƙona masa rai.

Hamma ya iso da sandarsa a kafaɗa, ya yi sallama. Haladu ya taso masa.

"Amanar ke nan? Da furfurarka da komai?"

Dattijon ya buɗe baki zai yi magana, Haladu ya tari numfashinsa. Ya kira shi ɓarawo, ya kira shi maci amana, ya haɗa har da 'ya'yansa. Hamma ya sunkuyar da kai kawai, don shi ba ya musayar yawu da sa'an ɗansa.

Haladu ya tasa shi gaba zai kai ƙara. Ranar kasuwa ce, saboda haka kafin su kai ƙofar mai gari mutane sun cika maƙil. Haladu ya ce shi ba ya son diyya, ba ya son haƙuri. So yake a tashi Hamma daga wurin nan, kowa ya san abin da ya aikata. Nan da nan waɗanda shanu suka taɓa yi wa ɓarna a gona suka samu abin da suke jira, wannan ya ce akuyarsa ta ɓace bara, wancan ya ce dama shi bai taɓa yarda da mutumin ba. Shekara talatin Hamma yana zaune da su ba a taɓa kama shi da ko zangarniyar gero ba, amma cikin rabin sa'a suka shafe wannan duka. Kunya ba ta ishi ko ɗaya daga cikinsu ba.

Mai gari ya ɗaga hannu, aka yi tsit.

"Malam Hamma, an kwance kayan nan da saninka?"

"Da sanina, ranka ya daɗe."

Wuri ya ɗauki sowa. Haladu ya miƙe tsaye yana huci, yana nuna shi da yatsa. "Kun ji ko! Da bakinsa!"

"Zauna," in ji mai gari. "Malam Hamma, nawa aka ba ka?"

"Ko sisi. Mutane da yawa sun zo taya ta, na kore su, har na yi faɗa da wasu. Mutum ɗaya na bari, shi ma don ya ambaci sunan mai ita. Sau biyar yana zuwa da sufanu a buhu, kuma duk zuwa magana ɗaya yake yi, wai Haladu mai walda na Kazaure ne ya aiko shi neman irin kayan nan. Har fura na ba shi." Ya tuno sunan. "Musaddiƙ."

Haladu ya tsaya da yatsa a sama. Ƙofar tirelarsa, da tagoginta, da murhunta, duk suna can Kazaure a jikin shagon Madam Dorkas, kuma shi da hannunsa ya ɗaura su.