Gawar Yefim Lukich

Fekla ce ta wanke mijinta da hannunta, ta sa masa farar riga, ta naɗe masa hannuwa a ƙirji, sannan ta gaya masa cewa in ya kuskura ya yi atishawa, ita za ta ƙarasa shi.

A shekarar nan ƙauyenmu na Lipofka ya rasa gane ko shi na waye. An tumɓuke sarki, an daina yaƙi da Jamus, sai 'yan ƙasa suka juya wa juna bindiga. Rundunar da ake kira Farare su zo su kwashe dawakai, 'yan juyin juya hali da ake kira Jajaye su zo su kwashe hatsi, kowannensu kuma sai ya yi mana jawabi kafin ya kwasa.

Abin da ya rage wa Fekla shi ne buhunan irin alkama, waɗanda ta ɗinke bakinsu tun kaka ta ɓoye a ɗakin wankan tururi da ke bakin rafi. In ƙanƙara ta narke babu iri, to babu shuka, kuma gida mai cike da yara ba zai kai wani hunturun ba. Mijinta Yefim ta ba tsaron su, don ba shi da wani aikin. Ya kuwa riƙe amana fiye da zato. Mutumin da a da sai an yi masa faɗa yake wanka, bana kullum yana can, hayaƙi na tashi, ya fito fuska jawur yana waƙa.

Da labari ya zo cewa Jajaye sun gama da ƙauyen gaba, suna tona daɓe suna caccakar rufi, Kuzma kafinta ya ba da shawarar a ɓoye buhunan a akwatin gawa. Matsalar ɗaya ce: a wurinmu ba a rufe akwati sai a bakin kabari, bayan kowa ya sumbaci goshin mamaci. Rufaffen akwati a hanya, ko jariri zai yi zargi. Dole a sami gawa a kan buhunan.

Yefim ya ce shi zai kwanta. Shi kaɗai ya kinkimo buhunan, ya hana kowa taɓawa. Fekla ta kalle shi, a karo na farko cikin shekaru ta ji kamar ba ta yi asarar aure ba.

Masu rakiya sun kai gaban coci da akwatin a kan amalanke suka yi kiciɓis da sojojin. Shugabansu wani dogo ne mai tari, hannuwansa na manomi. Fekla ta ɓarke da kukan makoki irin na iyayenmu, tana tambayar mamaci wa ya bar wa marayu, wa zai yi mata noma, abin da bai taɓa yi ba yana raye.

Ban taɓa ganin gawa marar kunya irin wannan ba. Da sojojin suka matso, babban yatsan ƙafar gawar ya fara motsi. Fekla ta faɗa kan ƙafafun tana ihu. Gawa ta buɗe ido ɗaya, Fekla ta rufe fuskar da gyalenta. Kusurwar buhu ta leƙo daga ƙarƙashin farin zanen da aka shimfiɗa, ita kuwa ta rantse a ranta ta tusa zanen ciki da kyau. Tsoro ya kama ta sosai.

“Me ya kashe shi, Iya?” in ji shugaban.

“Lalaci, ɗana. Ya daɗe yana fama.”

Shugaban ya ce shi dai bai yarda da coci ba, amma tsohuwarsa ta yi masa tarbiyya. Ya cire hula, ya sunkuya ya sumbaci goshin Yefim. Ya ɗan daɗe a sunkuye yana shaƙa. Gawa ta yi gyaran murya.

Ya miƙe, ya kama gefen akwatin ya gwada ɗagawa. Ko gezau. Sai ya karɓi bindiga a hannun wani soja, ya cusa wuƙar bakinta tsakanin katako biyu na ƙasa, ya tara tafin hannu. Mata suka rufe ido. Fekla ta ji abu yana zuba kan ƙanƙara, ta fara tunanin wanne daga cikin yaran za ta fara kai wa 'yar'uwarta.

Shugaban ya dubi tafinsa, ya dubi Yefim, ya dubi Fekla da damatsanta na mai saran itace. Tarinsa ya taso, ko dariya ce, ban sani ba.

“Juyin juya hali ba ya buƙatar wannan,” ya ce. Ya mayar da hularsa, ya dafa kafaɗar gawa. “Kwanta lafiya, Baba. Na yi yaƙi a fagage da yawa, amma ba zan so in zama kai yau ba.”

Suka wuce. Jama'a suka durƙusa suna gicciya hannu, limamin coci yana cewa mu'ujiza ce. Kuzma ya ce wa Yefim ya tashi, an tsira. Gawar da ta ƙi natsuwa gaban bindiga yanzu ta sandare, ido a runtse.

“Kuzma, ɗan'uwana,” ta raɗa, “ɗauko murfin ka buga ƙusa. Yi sauri.”

Fekla ba ta ji ba. Ta riga ta tsugunna a ƙarƙashin akwatin tana tattara abin da ya zube, don ko ƙwaya ɗaya ba ta yarwa. Ta ɗago hannunta cikin haske, sai ga yashin rafi, buhu-buhu, an sake ɗinke bakinsu da ɗinkin namiji, alkamar kuwa tun tsakiyar hunturu Yefim ya gama dafa ta giya a ɗakin wanka.