Cikin Kumbo

Tanimu, kafin ka sallami tsohon maginin nan don ya ɓata maka mako guda a kan magudanar ruwan da ba mai gani, zauna ka ji wani misali.

An yi wani saurayi mai shirya fim, irin masu ɗumin kan nan da in sun sa abu a rai ko tuwo ba sa ji wa daɗi. Shekara uku yana rubuta labarin wani kumbo, jirgin 'yan sama jannati, wanda ya taso daga wata duniya ya sauko kan wani ƙauye. A labarin, girman jirgin ya kai unguwa guda. To, wa zai ƙera unguwa? Sai aka ba shi shawara a sassaƙa ƙarami na katako, kamu biyu, a rataye shi gaban baƙin yadi, in an ɗauka da kyamara ya fito kamar gaske. Ya zana shi a takarda, ta sama da ta gefe, ya kai wa wani tsohon masassaƙi da duk rayuwarsa turmi da akushi da kujerar mata yake yi. Tsoho ya juya takardar nan ya sake juyawa, ya yanki kara ya yi masa tsaga-tsaga, ya ce kowace tsaga taki goma ce a jikin jirgin, don kada taga ta fi ƙofa girma. Sannan ya tambaya, "Cikinsa fa, ta ƙasa, yaya yake?" Saurayi yana kan babur, ƙafa ɗaya a ƙasa, ya ce, "Baba, ba mai leƙa can, bar shi a shafe." Ya ba wa babur wuta.

Cikin kwana goma saman jirgi ya fito tsaf. Da gizago aka fara, aka ƙare da 'yar wuƙa, tagogi jere kamar ƙwayar wake, fukafukai biyu da aka kafa da turaku sirara ba ƙusa ko ɗaya. Saurayi ya zo ya gani, har da tafi. Ya ce gobe zai aiko a ɗauka, tsoho ya ce bai gama ba. Kwana biyu ya buga waya, bai gama ba. Kwana biyar, bai gama ba. Ran saurayi ya ɓaci ƙwarai, don kyamarar da zai yi aikin aro ce, ta yini ɗaya tak, mai ita kuma zai wuce da abarsa wata ƙasa da yamma, ba zai dawo ba sai baɗi. Ya shiga gaya wa duk wanda ya tsaya cewa tsufa ya cinye mutumin nan, ya ga aikin zamani ya rikice. Har ta waya ya gaya masa maganar da ba a gaya wa sa'an uba.  Ranar ɗaukar fim da sassafe tsoho ya naɗe jirgin cikin buhu, ya sa a keke aka kai.

A wani tsohon sito aka shirya komai. An shimfiɗa baƙin yadi a rufi, an huda shi an sa fitila ta baya don taurari. Ana cikin ɗaura zare a jikin azara, sai mai kyamara ya shimfiɗa tabarma ya kwanta rigingine, ya saita abarsa sama. Saurayi ya ce me yake yi haka? Mai kyamara ya ce ai mutanen ƙauye daga ƙasa za su hango jirgin, don haka daga ƙasa za a ɗauka. Nan saurayi ya gane kuskurensa. Shekara uku yana kallon jirginsa a takarda kan tebur, kullum shi ne a sama jirgin a ƙasa, bai taɓa tsayawa a inda mutanen labarinsa suke tsaye ba. Kuma da bakinsa ya ce a bar cikin a shafe. Abin da za a gani ke nan, gungumen katako mai sulɓi kamar gindin turmi. 

Aka zare buhu, aka ja zare, jirgi ya yi sama yana juyi a hankali. Da ƙyar saurayi ya ɗaga ido. Sai ga ciki a sassaƙe kakaf: ƙafafu uku a naɗe cikin gurbinsu kamar na tsuntsu a iska, bakunan wuta zagaye-zagaye, haƙarƙari jere, ga ƙofar sauka da 'yar matakalarta, duk a kan awon karan nan, ba abin da ya fi wani. Mai kyamara daga kwance ya ce, "Kai! Wa ya zana maka wannan?"  Saurayi ya zauna a ƙasa daɓas yana ajiyar zuciya, yana hamdala, dariya da hawaye a haɗe. Kafin la'asar an gama ɗauka.

Washegari ya je rumfar tsoho, ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa ya ba da haƙuri. Da ya samu fuska, ya tambaye shi yadda ya sani. Tsoho bai ajiye gizagonsa ba ya ce, "Shekara saba'in ina kallon shaho, ɗana, ban taɓa ganin bayansa ba."

To, ka ji, Tanimu. Kai a takarda kake kallon gidanka, shi kuwa maginin nan damina yake kallo. Je ka ba shi makonsa. Hausawa sun ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.