Ƙanen da Ya Tsufa a Cikin Akwati

Na'ura biyu makaɗin orkestir, ƙungiyar kiɗan zamani, ya ajiye wa wani tsohon mawaƙi a kan tabarma.

"Baba, zaɓi ɗaya. Wannan ƙirƙirar sauti take, kwaikwayo kawai. Waccan kuwa, muryar da aka ba ta takan haɗiye, ta maido."

Tsohon mawaƙin ya yi dariya. Shi da fari biyu suka kasa kayarwa, shi da ya binne garke da rabin dangi tsakanin Tenhya da Tanout, a ba shi kwaikwayo? Waƙar tunawa da shekarun fari za su rera a dandali, kuma kiran shanu na gaskiya yake so a cikinta. Ya miƙa tsohon kaset ɗin ƙanensa, wanda farin farko ya ɗauke yana saurayi.

"Ba za ta taɓa maka zuciya ba?"

"Ni? Mutuwa ma ta san ni, ta kauce!"

Na'urar ta haɗiye. Makaɗin ya danna tsakiyar jerin maɓallanta, muryar saurayin ta fito, yana kiran shanu a bakin rijiya. Tsoho ya gyaɗa kai, ko gezau. Aka danna dama, muryar ta koma ta yaro. Tsoho ya murmusa.

Sai yatsa ya gangara hagu.

Muryar ta yi nauyi, ta ja, ta dushe. Wani dattijo ne ke kiran shanu a gajiye, da tsufan da bai taɓa samu ba.

Makaɗin ya razana, zai janye hannu. Tsoho ya cafke shi.

"Kar ka ɗaga. Ashe haka da zai zama."